Hannun da ya sage a Saudiyya, shari'ar da aka yanke a Manila

Ranar 23 ga Afrilu 1994 aka yi wa wata mata 'yar ƙasar Filifin tiyata karo na biyu a wuyan hannu, a can Saudiyya inda ta je neman abinci. Bayan kwana biyu asibiti ya sallame ta, likita ya rubuta a rahotonsa cewa ciwon ya yi sauƙi ƙwarai. Kwana huɗu da fitowarta, kamfanin da take wa aiki ya kore ta, ya ce rashin lafiya ne dalili. Ba a ba ta kuɗin sallama ba, ba a biya ta albashin watannin da take bi ba. Aka sa ta a jirgi, ta koma gida.

Wannan korar ce ta zama shari'ar da Kotun Ƙolin Filifin ta yanke ranar 3 ga Disamba 1998, wadda ke ɗauke da sunan kamfanin Triple Eight Integrated Services, wato ejan ɗin da ya ɗauke ta daga Manila. Har yau lauyoyin ƙasar na kafa hujja da ita duk lokacin da aka dawo da ma'aikaci daga waje da sunan ciwo. Na ɗauko ta ne saboda ta nuna abin da ake yawan ɓoyewa a irin wannan rikici: sau da yawa ciwon da aka kori mutum dominsa, aikin ne ya jawo shi.

Lamarin ya faro a watan Agusta 1992. Triple Eight ya nemo ta domin kamfanin Gulf Catering Company, mai harkar dafa abinci da rabawa a Saudiyya. Ta ce an karɓi peso 11,950 a hannunta na kuɗin sama mata aiki da sauran caje-caje, kuma ba a ba ta rasit ba. An aika ta gwajin lafiya, sakamako ya fito cewa ta cancanci aiki. A riƙe wannan, domin ita ce shaida ta farko: lafiyarta ƙalau ta bar gida, kuma gwajin da masu ɗaukarta suka tura ta ne ya tabbatar.

Daga nan sai batun kwantiragi biyu. Na farko ya ce za ta yi aikin raba abinci na wata 36 a kan riyal 550 duk wata. Na biyu, wanda aka sa ta sa wa hannu daga baya, ya ce wata 12 a kan dala 280. Wannan na biyun ne aka kai wa POEA, hukumar da ke tantance kwantiragin masu fita aiki waje a lokacin, ta buga masa hatimi. Idan aka canza riyal 550 a farashinsa na riyal 3.75 kan kowace dala, dala 147 ke nan, kusan rabin abin da aka nuna wa gwamnati. Takarda ɗaya ta ofis, ɗaya ta wurin aiki. Duk wanda ya san harkar ejan, a kowace ƙasa, ya san wannan dabarar.

Ta tashi zuwa Riyad ranar 16 ga Satumba 1992. Aka tura ta wata kwaleji a jami'ar da takardun kotu suka kira Oleysha. Maimakon raba abinci, sai aka haɗa ta da wanke-wanke: kwanuka, manyan tukwane, cokula, ga shara da goge-goge. Daga ƙarfe shida na safe zuwa shida na yamma, awa 12, ba kuɗin ƙarin lokaci.

Wanda bai taɓa kankare tukunyar biki ba zai ɗauka wanke-wanke ƙaramin aiki ne. A wuyan hannun ɗan Adam akwai wata 'yar siririyar kafa, ƙasusuwa ta ƙasa, wani tsattsauran zare ya rufe ta sama. Ta cikinta ne jijiyar da ke kai ji ga babban yatsa da manuniya da na tsakiya take bi, tare da igiyoyin da ke lanƙwasa yatsu. Idan aka yi ta murɗa hannu ana matsa shi, awa bayan awa, wata bayan wata, wurin kan kumbura ya danne jijiyar. Sai yatsu su fara sagewa, mutum ya ji kamar ana tsira masa allura, musamman da dare. In abin ya yi nisa, ko kofi ya ɗauka sai ya suɓuce. Maganin farko hutu ne da ɗaure hannun. In bai ji ba, sai a yi tiyata a yanke zaren nan na sama domin jijiyar ta sarara. Ciwo ne da ake warkewa, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Waɗannan abubuwa biyu su ne suka rusa hujjar kamfanin daga baya.

Hannuwanta biyu suka kamu. Daga 18 ga Yuni zuwa 22 ga Agusta 1993 tana kwance a gidan da kamfanin ke ajiye ma'aikatansa mata, ba albashi. Da ta ɗan samu sauƙi, aka kai ta asibitin Hota Bani Tamim, garin da ke kudu da Riyad, ta yi girki da rabon abinci kwana bakwai a mako har zuwa 5 ga Oktoba. Wannan ma ba a biya ta ba. Aka sake mayar da ita masauki daga 6 zuwa 23 ga Oktoba, ba aiki ba bayani. Ranar 24 ga Oktoba kuma aka maida ta inda ciwon ya samo asali, kan tukwanen nan dai. A nan ne ciwon ya tsananta har likita ya tabbatar da matsewar jijiya a hannu biyu. Tiyatar farko a Janairu 1994, ta biyu a Afrilu. A tsakaninsu tana shirye ta yi aiki mai sauƙi kamar yadda likita ya ba da shawara, amma ba a ba ta kowane aiki ba, aka kuma riƙe albashin.

Wannan mayarwar ta 24 ga Oktoba ita ce ta fi tsaya mini a rai. An ga abin da aikin ya yi mata, ta kwanta wata biyu a gabansu, kuma kwantiraginta bai ce wanke-wanke ba tun farko. Amma aka sake tura ta. Abin da Bahaushe ke cewa an ci moriyar ganga an ya da kwaurenta, ga shi nan da ranaku da watanni a rubuce.

Da ta isa Manila ta fara zuwa wurin ejan ɗin, ko zai taimaka. Bai yi ba. A watan Yuli 1994 ta shigar da ƙara a POEA, tana neman albashin da ba a biya ta ba, da na ragowar wa'adin kwantiragi, da diyya.

Ƙarar na nan sai ƙasar ta girgiza. A Maris 1995 aka rataye Flor Contemplacion, 'yar Filifin mai aikatau a Singafo, bisa hukuncin kisan kai. Jama'a suka fusata da yadda suke ganin gwamnati ta yi sakaci da 'ya'yanta da ke waje. A watan Yunin shekarar Shugaba Fidel Ramos ya sa hannu kan doka mai lamba 8042 ta ma'aikatan ƙetare. Dokar ta ɗauke irin waɗannan ƙararraki daga POEA ta miƙa wa alƙalan hukumar sasanta rikicin ƙwadago ta ƙasa, NLRC. Ta kuma jaddada cewa ejan na gida da uban aiki na waje bashinsu ɗaya ne: ma'aikaci na iya kama duk wanda ya samu a cikinsu ya biya shi duka. Haka ƙararta ta koma NLRC. A Agusta 1996 alƙalin farko ya ba ta gaskiya. Triple Eight ya ɗaukaka ƙara, hukumar ta tabbatar da hukuncin a Maris 1997. Bai haƙura ba, ya tafi Kotun Ƙoli.

Hujjojin kamfanin ba na wofi ba ne, kuma ya kamata a faɗe su yadda suke. Ya ce ba korar zalunci aka yi ba, an dawo da ita ne saboda lafiyarta, domin mai ciwon hannu ba za ta iya aikin kicin ba. Ya ce watannin da ba ta yi aiki ba, ba ta da haƙƙin albashi, tunda ƙa'ida ita ce ba aiki ba biya. Ya ce sharaɗin da dokar Filifin ta gindaya kan korar majinyaci ba zai yiwu a cika shi a Saudiyya ba. Ya kuma ce bai kamata a ɗora masa kuɗin shi kaɗai ba, alhali Gulf Catering ne ya yi korar.

Gaskiya ne kamfanin abinci ba asibiti ba ne, kuma ba wanda zai tilasta masa ya riƙe ma'aikacin da ba zai sake iya aiki ba har abada. Dokar ƙwadagon Filifin ba ta ce haka ba. Sashe na 284, wanda yanzu aka sake wa lamba ya zama 299, ya yarda a sallami ma'aikaci saboda cuta idan doka ta hana mai irinta ci gaba da aiki, ko kuma ci gaban zai cutar da shi ko abokan aikinsa. Amma sai an ba shi kuɗin sallama: albashin wata guda, ko rabin wata kan kowace shekara da ya yi, duk wanda ya fi yawa. Ƙa'idojin aiwatar da dokar kuma suka ƙara sharaɗin da shari'ar nan ta rataya a kansa. Dole hukumar lafiya ta gwamnati da ta cancanta ta ba da takardar shaida cewa cutar ba za ta warke cikin wata shida ba, ko da an yi magani yadda ya kamata. In za ta warke, ba kora. Sai dai a ba shi hutu, ya warke, a mayar da shi kan aikinsa.

Kamfanin ba shi da wannan takarda. Abin da ke hannun kotu shi ne rahoton da ya ce matar ta samu sauƙi sosai, wato akasin abin da ake bukata. Sai lauyoyinsa suka ce ai ba yadda za a yi likitan gwamnatin Filifin ya duba mai aiki a Riyad.

Amsar da Mai shari'a Flerida Ruth Romero ta rubuta a madadin kotun gajeriya ce. Ƙa'idar ta ce hukumar lafiya ta gwamnati, ba ta ce ta Filifin ba. Saudiyya na da asibitocin gwamnati da likitocinta. Da a ce matar ta kasa aiki da gaske, da uban aikinta ya samu shaidar a can cikin sauƙi, ya huta da ƙara. Kotun ta ƙara da cewa in aka yar da wannan sharaɗi, to an bar wa mai aiki shi kaɗai ya yanke tsananin ciwon ma'aikacinsa, yadda ya ga dama.

A ganina nan ne zuciyar lamarin. A tsakanin mai aiki da ma'aikacin da ya baro ƙasarsa, kusan komai na hannun ɗaya: masauki, abinci, izinin zama, tikitin komawa, sau da yawa har fasfo. A tsarin kafala na ƙasashen Larabawan yankin Gulf, zaman baƙo a ƙasar ɗaure yake da kafilinsa. Ranar da aka ce ba ka da lafiya, ba ka da lokacin neman wani likita ya sake duba ka, ba ka da lauya, ba ka jin harshen sosai. Kafin ka farga kana filin jirgi. Sharaɗin takardar shaida ya shigo da mutum na uku wanda ba ya cin albashi a hannun kamfani, ya kuma ɗora nauyin kawo hujja a kan mai korar. Ma'aikaciyar ba sai ta tabbatar da cewa tana da lafiya ba. Kamfani ne zai tabbatar da cewa ciwon ba mai warkewa ba ne, kuma kafin kora, ba bayanta ba.

Saura tambayar da ke tasowa a duk shari'ar da ta ratsa iyakar ƙasa: dokar wa za a bi? Aiki a Saudiyya aka yi shi, kora a can aka yi ta. Kotun ta ce kwantiragin a Filifin aka ƙulla shi, don haka dokar ƙwadagon Filifin da ƙa'idojinta ke mulkinsa. Ta kuma tuna cewa tsarin mulkin ƙasar na 1987 ya wajabta wa gwamnati kare ma'aikata na gida da na ƙetare, kuma kotunan ƙasa ba za su aiwatar da wata ƙa'idar waje da ta ci karo da wannan manufa ba. Ma'ana, kariyar da ɗan ƙasa ke da ita ba ta tsayawa a ƙofar jirgi.

Batun ba aiki ba biya, kotun ta bi shi wata-wata. Kwanciyar Yuni zuwa Agusta 1993 da ta farkon 1994, ciwon da aiki ya jawo ne. Daga ƙarshen Agusta zuwa 5 ga Oktoba ta yi aikin, ba a dai biya ba. Kwanakin Oktoba kuwa su suka zaunar da ita ba dalili. Babu ko ɗaya da ƙa'idar ta hau.

Kan ƙorafin cewa an bar Triple Eight shi kaɗai da biya, kotun ta ce shi kaɗai aka kai ƙara, kuma bai nemi a jawo Gulf Catering cikin shari'ar ba. In yana so, ya je ya nemi abokin huldarsa ya maida masa kuɗinsa. Wannan ya yi mini daidai. Ejan ne ya zaɓi kamfanin, shi ya san adireshinsa, shi ke da wata hulɗar gobe da shi. Matar da aka dawo da ita da ɗinki a hannu ba ta da hanyar komawa Riyad ta tsaya gaban alƙali.

Sai dai idan aka zo kan kuɗi, nasarar ta yi ƙaranci, kuma akwai abin da bai kwanta mini ba.

Alƙalin farko ya ba ta dala 2,499 na ragowar kwantiragi, da dala 1,076 na albashin da aka riƙe, da peso 50,000 na diyyar ƙuncin rai, da peso 20,000 na horo ga kamfani, da kashi 10 cikin ɗari na kuɗin lauya. Kotun Ƙoli ta rage. Ta ce kwantiragin da hukuma ta sani na wata 12 ne, tunda kuma matar ta yi shekara ɗaya da wata bakwai da rabi, to an sabunta shi ke nan na wata shekarar, saura wata huɗu da rabi. Dala 280 sau huɗu da rabi, dala 1,260. Diyyar ƙunci ta koma peso 30,000, ta horo peso 10,000. Dala 1,076 aka bar ta yadda take, a matsayin albashin wata bakwai da cikon na wata guda da aka biya ta ba daidai ba.

Ku buga lissafin da kanku. Wata bakwai a kan dala 280 ya kama dala 1,960, ba 1,076 ba. Amma wata bakwai a kan dala 147 ya kama 1,029, in aka ɗora cikon dala 47 sai ga 1,076 cif. Haka 2,499 ɗin alƙalin farko, dala 147 ce sau 17, wato ragowar watannin kwantiragin nan na wata 36. Abin da lissafin ke nunawa shi ne, wajen ƙidaya watannin da suka rage an bi gajeren kwantiragi, wajen albashin da aka cinye mata kuma adadin ya tsaya a kan ƙaramin albashi. Ta kowane ɓangare ita ce ta samu kaɗan. Takardar da aka ɓoye wa hukuma ba ta mutu ba, ta biyo ta har cikin hukuncin da ya ba ta gaskiya. Jimilla dala 2,336 da peso 40,000, ban da kuɗin lauya, bayan shekara huɗu da wata bakwai da korarta, ga tiyata biyu.

Duk da haka ƙa'idar da aka kafa ta yi aiki bayanta. A 2024 Kotun Ƙolin ta yanke wata shari'ar da ta shafi kamfanin Bison Management Corporation. Wani mai aikin shara da goge-goge ne aka tura Saudiyya, gwajin lafiya ya nuna yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, aka kore shi aka dawo da shi. Ejan ya ce a Saudiyya mai wannan cuta ba ya cikin waɗanda aka yarda su yi aiki. Kotun ta sake cewa dokar Filifin ce ke mulkin kwantiragin, kuma doka mai lamba 11166 ta 2018 ta haramta korar mutum saboda wannan cuta kawai. Korar haramtacciya ce, ejan zai biya. A hukuncin an sakaya sunan mutumin, aka kira shi AAA, don kare sirrinsa. A lura kotun Manila ba ta da ikon tilasta wa Saudiyya ta bar shi ya zauna, kuma ba ta yi yunƙurin haka ba. Abin da ta iya shi ne ta ce asarar kada ta faɗa kan ma'aikaci shi kaɗai.

Ina karanta wannan shari'a ina tuna matanmu na Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram da ke tafiya aikatau a Saudiyyar, su ma kan wanke-wanke da shara da raino. Abu uku ne suka riƙe 'yar Filifin ɗin nan lokacin da komai ya kuɓuce mata: kwantiragi a rubuce da hukuma ta buga wa hatimi, ejan mai rajista da ofis a ƙasarsu wanda sammaci zai iya samu, da takardun asibiti masu ɗauke da rana da wata. Wadda ta shiga da bizar Umra ta zarce, ko ta bi wata hajiya ko wani ɗan unguwa da ba a san shi a kowane ofis ba, ba ta da na farko, ba ta da na biyu. In ciwo ya kama ta aka dawo da ita, dangi su taru su ce sannu, Allah ya ƙara sauƙi, magana ta ƙare a nan. A Najeriya dokar ƙwadago ta wajabta wa mai ɗibar ma'aikata ya mallaki lasisi daga ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, akwai kuma kotun ma'aikata ta ƙasa da aka ware domin rikicin aiki. Amma kotu da takarda take aiki, da kuma sunan wanda za a kira. Kafin a sayar da akuya ko gona a biya kuɗin tafiya, a tambayi ejan lasisinsa, a karɓi rasit, a bar kwafin kwantiragin a gida wurin wanda ya iya karatu, a kuma tabbatar shi ne wanda za a yi aiki da shi a can. In an je asibiti, a ɗauki hoton kowace takarda a waya a turo gida tun kafin a ce a haɗa kaya.

A shari'ar 1998, takardar da ta fi kowace nauyi ba lauya ne ya rubuta ta ba. Rahoton sallama ne na asibiti, na 25 ga Afrilu 1994, inda likita ya ce ciwon ya yi sauƙi ƙwarai, kwana huɗu kafin kamfani ya ce ciwon ne ya sa ya kore ta.